A Kan Uku Baba Tsoho Ya Rufe Talabijin

Ƙarar ƙararrawa ce ta sa na saki muciya. Ina kicin ina tuƙin tuwon shinkafa, ɗana na fari yana falo da wayarsa, sai na ji ta, ting, guda ɗaya siririya, ihun 'yan kallo ya biyo baya, sannan wani kiɗa da na fi shekara talatin ban ji ba. Na leƙo da hannu duk danƙon tuwo na tambaye shi mene ne wannan. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce wai wani tsohon anime ne na dambe ya tono, na mutanen da. Mutanen da! Ni ce mutanen da ɗin ke nan. Mu katun muke cewa, kuma wannan katun ɗin, mai karatu, akwai tsohuwar rigima a kansa tsakanina da kakana. Ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, amma har yau in na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

A Karantina aka haife ni, can kudancin Jidda, a wani gidan bulo mai ɗaki huɗu da 'yar tsakar gida. Iskar teku tana zuwa mana da gishiri da warin kwata a haɗe, mun saba har ba ma ji. Babana direba ne a wurin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama, ganinsa sai ranar Juma'a. Waɗanda suke riƙe da gidan a zahiri su ne iyayensa, kakana da muke ce wa Baba Tsoho, da kakata da muke ce wa Habboba, don a Sudan aka haife ta, kuma haka ake kiran kaka mace a can. Sai Ummi mahaifiyata, sai yayana da ya girme ni da shekara biyu, sai ni.

Baba Tsoho mai tsire ne. Da an yi azahar zai baje tabarma a inuwar katanga ya hau yanka nama falle-falle, Habboba tana daka masa ƙuli-ƙuli da yaji, gidan ya gauraye da ƙamshin citta har sai mun yi atishawa. Bayan la'asar ya tura kurarsa zuwa bakin titi, inda Larabawa suke yin layi da motoci suna neman siriyya, sunan da suka sa wa tsiren namu ke nan. Ni hannunsa na dama nake kallo in yana soka nama a tsinke. Ya fi na hagu girma, gaɓoɓin yatsun duk sun baje, ga wasu tsage a jere tun daga wuyan hannu har gwiwa. Na taɓa tambayarsa, ya ce wuƙar fawa ce. Na yarda, ban tsaya na yi tunanin wace irin wuƙa ce take yanka mutum a layi daidai wa daida ba.

Ni ce amaryarsa. Kowa ya san wasan jika da kaka, to namu ya fi na kowa zafi. Yana ce mini amarya mai ƙashin tsiya, ko ruwa ba ta iya dafawa ba, ni kuma ina ce masa ango mai haƙori uku. In sace masa hula in sa a kaina, ya bi ni da tsinke yana cewa zai sake ni ya auro Balarabiya. Kullum kafin ya fita sai ya gasa tsinke ɗaya a ɗan kaskon gida ya miƙo mini, wai rabon amarya, yayana yana kallo yana haɗiyar yawu. Babu abin da ba na faɗa masa. An koya mini cewa jika ba ta laifi a wurin kaka, amma ba wanda ya faɗa mini cewa wasan ma akwai inda ba ya zuwa.

Talabijin ɗaya ce a gidan, kuma a ɗakinsa take, cikin wata 'yar kabad ta katako mai ƙofa biyu da makulli. Makullin yana ɗaure da igiya a aljihun rigarsa. In zai fita bayan la'asar sai ya buɗe mana, Habboba ta tura ƙofofin da kiran magariba, shi kuma ya sa makulli in ya dawo. Saboda haka bai taɓa sanin abin da muke kallo ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Katun ɗin na Japan ne, an juya shi da irin Larabcin littafi da ba wanda yake yi a lungunmu. Labarin wani saurayi ne ɗan tsurut da yake kwaɓa fulawa a gidan burodin uwarsa, kwaɓin ya sa masa ƙarfin damtse, har ya shiga dambe. Mai Burodi muke ce masa. Wanda bai taɓa kallon irin wannan katun ba ba zai san haƙurin da muka yi ba. Naushi ɗaya sai ya taso ranar Asabar bai sauka ba sai Lahadi, don a tsakani sai Mai Burodi ya tuna uwarsa, ya tuna ranar da aka kore shi daga makaranta, zufa ta ɗiga sau uku, mai ba shi horo ya yi ihu daga gefe. Haka muka bi shi wata da watanni, yana doke wannan yana doke wancan, har ya kai ga neman kambun duniya. Mai riƙe da kambun wani dogo ne mai farar safar hannu, wanda ko gwiwarsa ba ta taɓa taɓa ƙasa ba, yana gama dambe sai ya taje kansa. Dogo muka sa masa, kuma na tsane shi tsana ta gaskiya.

Ummi ba ta son abin. Ta ce ina 'ya mace ina kallon naushi. Ni kuwa safar babana nake zurawa a hannu ina jibgar filo a ɓoye. Shekarata goma sha ɗaya, kuma na riga na san yadda fuskar 'yar ajinmu take canzawa a makaranta in ta ji an ce gidanmu a Karantina yake. Mai Burodi ma daga bayan gari ya fito, ana yi masa irin kallon nan. In ya ci kambu, a ganina, har da ni aka ci.

Sai aka sanar cewa gobe ne kashi na ƙarshe. Daren ban yi barcin kirki ba, da safe kuma gari ya tashi da hadari.

Ruwan Jidda ba kamar na ko'ina ba ne. Sai a shekara ba a ga ɗigo ba, rana ɗaya cikin sanyi sama ta yi baƙi daga wajen teku, ta juye na shekara guda cikin awa biyu. Kafin la'asar lungunmu ya zama kogi, baƙin ruwa yana tafe da takalma da gwangwanaye da abin da ba ya faɗuwa. Ummi da Habboba sun jera bokitai da tukwane a duk inda rufi yake yoyo. Wuta ta ɗauke a lungun gaba da na baya, har da masallaci, amma tamu ta tsaya, Allah ne kaɗai Ya san dalili. 'Ya'yan maƙwabta huɗu suka keto ruwan zuwa gidanmu tun bai kai gwiwa ba. Duk unguwar, in ba mu ba, ban san wanda zai ga damben nan ba.

Baba Tsoho bai samu fita ba. Nama ya riga ya hau tsinke, ga shi ba halin kai shi titi, don haka fuskarsa ba annuri. Na lallaɓa na ce ango, a taimaki amarya. Ya yi tsaki, ya ciro makulli ya buɗe, ya koma bakin gadonsa da carbi. Muka zube a ƙasa mu shida. Karo na farko ke nan da ya zauna kallo tare da mu.

Da 'yan damben suka fito, sai ya ce, "Waɗannan kuma fa? Matashin kai suka ɗaura a hannu?"

Muka yi dariya. Ya ce hannu biyu duk na naushi, to da me mutum zai kare kansa. Ya ce ina makaɗa, wane irin dambe ne ba kalangu. Muka yi ta dariya, shi ma har ya ɗan saki fuska. Amma da aka buga ƙararrawa aka fara, sai na daina jin muryarsa. Can na waiga. Carbin yana kan shimfiɗa. Ya miƙa hannun hagu gaba a buɗe, na daman ya ja shi can baya a dunƙule, kafaɗarsa tana motsi kaɗan-kaɗan. A hankali na ji ya ce wa talabijin, "Sauke haɓa, yaro." Habboba tana bakin ƙofa da bokiti, ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya ta fita. Na ga duk wannan da idona, amma hankalina yana kan Mai Burodi.

A zagaye na biyu Dogo ya same shi a gefen kunne. Faɗuwar ma a hankali aka zana ta, hannu ya fara taɓa ƙasa, sannan gwiwa, sannan fuska. Alƙalin wasa ya durƙusa a kansa ya ɗaga yatsa. Ɗaya. Biyu. Muna ihu muna cewa tashi, tashi. Uku.

A kan ukun nan hannun Baba Tsoho ya gifta ta saman kaina ya murɗa maɓalli. Hoton ya tsuke ya koma ɗan farin ɗigo ya ɓace. Ya tura ƙofofin kabad, ya murza makulli, ya jefa aljihu.

"An kashe shi," ya ce. "Halas, an gama. Ku tashi."

Yayana ya miƙe. "Baba Tsoho, ba a gama ba, wallahi. Har goma ake ƙirgawa, zai tashi."

"Goman me? Namiji ya taɓa ƙasa a gaban jama'a, sai a tsaya ana ƙirga masa kamar buhunan gero? Ko tafin hannu ne ya taɓa, an gama. Ba a ɗakina za a koya muku rashin kunya ba."

A lokacin ban san cewa haka damben Hausa yake ba. A can, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an ce an kashe mutum, ba mutuwa ta gaske ba, amma wasa ya ƙare, ba ƙirge, ba jira. Ni abin da na sani kawai shi ne a bayan katakon nan ana cewa huɗu, ana cewa biyar, ni kuma ina tsaye ina kallon makulli. Fita ba ta yiwuwa, in ma an fita ba inda ake da wuta. Allah Ya bar mana wuta, tsoho ya ɗauke. Muka roƙe shi, muka haɗa shi da Allah da Annabi, ƙaramar cikin 'ya'yan maƙwabta ta fashe da kuka. Ya ɗauki carbinsa kamar ba da shi ake ba.

Sai na buɗe bakin nan nawa da aka saba bari. Na ce, "Kai me ka sani a dambe? Mai tsire kawai! Ko akuya ba ka taɓa nausa ba. Don kai matsoraci ne shi ya sa kake zaton kowa in ya faɗi ba ya tashi."

Da wata rana ce, da ya ce zai sake ni, a yi dariya a wuce. Ranar ba wanda ya yi dariya. Ummi ta faɗo ɗakin ta damƙi kunnena tana cewa aib, ya bint, abin kunya ne, yarinya, kakanki ne fa. Baba Tsoho ya ce, "Ƙyale ta." Bai dube ni ba, tafin hannunsa na hagu yake kallo. Ruwa yana ta ɗiga a bokiti.

Ƙarshen damben ban same shi ba. A lungunmu ba wanda ya gani. A makaranta wata ta ce ya ci, wata ta ce ya mutu a fili, ta uku ta ce ita yayanta ne ya kalla kuma ta manta. Na daina tambaya. Tashar ba ta maimaita ba, washegari ma wasu zomaye masu noman karas aka sa a gurbinsa. Wata nawa ina bin yaron nan, aka tsinke mini shi yana kwance da fuska a ƙasa.

Daga ranar Baba Tsoho ya daina ce mini amarya. In ya zama dole ya kira ni, sai ya ce ke yarinya. Tsinken farko kuwa bai fasa gasawa ba, sai dai ba ya miƙo mini, a faranti yake ajiyewa kusa da turmi ya fita. Ni kuma in wuce ta gabansa kamar ban gani ba, har kyanwa ta gane lokacin ta riƙa zuwa. Jira nake ya ba ni haƙuri. Kuma bari in faɗa maka, mai karatu, a kan rufe talabijin ɗin nan har gobe ina ganin ya kamata ya bayar. Manyanmu ba su iya cewa yi haƙuri ga yaro ba, sai dai su ajiye maka nama a faranti su jira ka gane da kanka. Mako uku muka yi a haka, gida ɗaya, ba mai kallon wani.

Habboba ce ta gaji. Wata Alhamis ta kira ni kitso, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta inda ba ni da hanyar gudu, ta tsaga gashin da tsinke, sannan ta ce, "Tsagen hannun kakanki, kin ce wuƙar fawa ce ko? Na dambe ne. Magani ake zubawa a ciki."

Tana kitso tana ba ni labarin, muryarta ƙasa-ƙasa. Ɗan mahauta ne a wani gari a ƙasar Hausa, garin da na san sunansa amma ban taɓa gani ba. Can in an gama girbi ake dambe, a naɗe hannu ɗaya da tsumma da zare, ɗayan a bar shi na kariya. Girbi bakwai ya yi ba wanda ya kai shi ƙasa. Makaɗa sun yi masa take nasa na kansa, in an buga shi 'yan mata har barin tallansu suke yi. Ƙuruciya da kalangu suka hau masa kai. Wata rana ya tsaya a tsakiyar fili, ubansa yana zaune, gari duk ya hallara, ya ɗaga hannu ya rantse cewa ranar da hannunsa ya taɓa ƙasar filin nan, ya bar shan ruwan garin har abada. Jama'a suka yi shewa, ba wanda ya ce masa kul.

Shekarar da ta biyo wani baƙo ya zo, gajere, bahago. A turmi na biyu, wato zagaye na biyu, ya same shi a kunne. Habboba ta ce ko faɗuwa bai yi ba, tangaɗi ya yi, ya dafa ƙasa da tafin hagu, ya miƙe nan take yana neman a ci gaba. Amma kalangu ya riga ya juya, an ɗaga baƙo sama. Da asuba ya fita daga garin da rigar jikinsa da zarensa a aljihu, ko uwarsa bai yi wa sallama ba. Ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, a can ya aure ta, a can aka haifi babana, daga baya suka hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa duk lokacin Hajji yake bai wa alhazan ƙasar Hausa tsire kyauta, yana tambayarsu damina da kasuwa da wa ya mutu wa ya saura, amma bai taɓa faɗa musu ko shi ɗan wane ne ba. A bakin wani alhaji ya ji rasuwar uwarsa, yana juya nama a wuta, kuma bai fasa juyawa ba sai da mutumin ya tafi.

"Wanda kika ce wa matsoraci ke nan," in ji Habboba, ta ja gashin da ƙarfi.

Ta zaci kunya za ta kama ni, kuma ta kama ni. Amma abin da ya fi kunyar yawa haushi ne. Na ce ba wanda ya bi shi ya dawo da shi? Ubansa fa? Na ce ai a makaranta an koya mana rantsuwa tana da kaffara, mutum ya ciyar da miskinai goma shi ke nan, shi da yake ciyar da rabin titi kullum. Habboba ta ce ya sani sarai, ba kaffara ce ta gagare shi ba, idon mutanen gari ne. Magana zarar bunu ce, in ji ta, shi kuma a gaban kowa ya zari tasa.

Ban bari ta gama kitson ba. Na fita da rabin kai a tsefe, na same shi a kan tabarma yana soka nama. Na tsaya a kansa na ce, "Baba Tsoho, ai ka tashi. Habboba ta ce nan take ka tashi. Me ya sa ba ka zauna a garinku ba?"

Ya gama tsinken da yake hannunsa, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Mu ba a ƙirga mana, amarya," ya ce. "Miƙo mini yajin nan."

Na miƙa masa. Da yamma ya gasa tsinken farko ya ba ni a hannu, na ci. Ni ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai ba ni ba, kuma ba mu sake tayar da maganar ba har ya rasu bayan shekara biyu, cikin tsananin zafi. A ƙasan akwatinsa aka sami wani dunƙulen zare da ya yi baƙi don tsufa. Babana bai ma san ko na mene ne ba, sai da Habboba ta karɓe daga hannunsa.

Mutane suna ce mini mu gode wa Allah, muna zaune kusa da Ɗakinsa, wasu sai sun sayar da gona suke zuwa. Na sani, kuma ina godiya. Amma godiya ba ta hana ni jin haushi. An haifi babana a hanya, an haife ni a Jidda, na haifi 'ya'yana a Jidda, har yau da iƙama muke zaune, takardar zaman baƙi, ana sabuntawa ana sake sabuntawa. In aka tambayi 'ya'yana su 'yan ina ne sai sun dube ni tukuna. Can garin da ya kamata ya zama namu ba wanda ya san da mu. Duk wannan a kan me? A kan tafin hannu ɗaya da ya dafa ƙasa na ƙiftawar ido, da wani taron jama'a da suka ji yaro yana rantsuwar banza suka yi masa shewa, da dattawan da suka wayi gari ba su gan shi ba, ba wanda ya ɗaura wa jaki sirdi ya bi sawunsa. Su nake jin haushi, mutanen da ban taɓa gani ba kuma duk sun mutu. Shi ma ina jin haushinsa, don taurin kai ne, ko an kira shi da wane suna.

Karantina ma yanzu babu ita. Bayan an rushe ta na sa mijina ya kai ni, na tsaya a fili fetal ina neman inda ɗakin Baba Tsoho yake, ban iya ko nuna lungunmu ba. Yanzu a bene muke, hawa na uku, kowane yaro da allonsa a hannu, ba makulli, ba mai rufe wa wani komai.

Ranar da na ji ƙararrawar nan, sai na koma na kashe gas, na wanke hannu, na zo na zauna kusa da ɗana na ce ya nemo mini kashi na ƙarshe. Hausarsa ba ta da ƙarfi, rabi da rabi yake yi da Larabci. Ya ce, "Ummi, wannan gadim ne marra, ya tsufa sosai, zanen ma ba kyau." Na ce yalla, nemo. Bai yi minti ɗaya ba ya samo abin da na yi shekara talatin ina jin zafinsa.

Ga Dogo da farar safarsa. Ga zagaye na biyu, ga naushin kunne, hannu, gwiwa, fuska. Alƙali ya ɗaga yatsa. Da ya ce uku sai da na sunkuyar da kai, kamar hannun nan zai sake giftawa ta saman kaina. Huɗu. Biyar. Yaron ya motsa yatsu. Shida. Ya kama igiya. A kan takwas ya miƙe, jini a gira. Na zuba ido in ga wanda zai yi masa dariya a cikin 'yan kallo, ban ga ko ɗaya ba, tsaye suka miƙe suna tafa masa. Ya yi dambe har zagayen ƙarshe, ya kai Dogo ƙasa sau ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Da aka tattara makin alƙalai, Dogo ne ya ci. Kambu ya zauna inda yake.

Na ɗauka an gama, har na fara miƙewa, ashe da saura. Aka nuno safiya. Mai Burodi ya sauko daga jirgin ƙasa da 'yar jakarsa, ido ɗaya a kumbure, ya bi ta lungunsu. Mai shara ya ɗaga masa hannu. Mutane suna layin burodi, suka matsa suka ba shi hanya, wani tsoho ya dafa kafaɗarsa. Uwarsa tana bakin tanda, ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa masa. Ya shanye tas, ya ɗaura tsummansa na aiki, ya zura hannu cikin fulawa.

Ɗana ya ce, "Ummi, lesh kike kuka? Katun ne fa."

Ba kukan tausayi nake yi ba, na haushi ne. Daga uku zuwa takwas, biyar ne kacal. Da tsohon nan ya iya riƙe hannunsa na ƙirge biyar, da ya zauna tare da mu har ƙarshe, ya ga yaro an kashe shi a gaban duniya, ya koma gida da safe, uwarsa ta ba shi ruwa ya sha.